Yadda Na Shiga Zumuntar Mata Babu Miji

Muryata ba ta da daɗi. Gara in faɗa da bakina tun farko, kada wani ɗan Jikwoyi ya karanta wannan ya ce na ɓoye. Babana bakanike ne a Apo, kuma ya taɓa cewa idan mota ta shigo garejinsu tana irin ƙarar da nake yi, ba ya ma wahalar da kansa da buɗe bonet, shawara kawai yake ba mai ita ya sayar. Akwai wani Alhaji ɗan Katsina mai shago a bakin layinmu. Duk ranar da na wuce da bokiti ina rera waƙa, sai ya leƙo ta tsakanin buhunan sukari ya ce, "'Yar maƙwabta, wa aka rasa?"

In ce, "Alhaji, yabon Allah nake."

Ya ce, "To, shi dai mai haƙuri ne."

Duk da haka ina son waƙa. Ina yinta a wanka, ina yinta a wanke-wanke, ina yinta a bayan acaɓa har ɗan acaɓan ya tsaya ya duba ko wani abu ya kwance a mashin. Inda na fi so in yi ta kuwa shi ne majami'a, domin a can ne kaɗai mutum zai buɗe baki iyakar ƙarfinsa a ce masa ya kyauta.

Majami'armu da rumfar kwano ta fara. Sai Abuja ta shiga kumbura, kowane mako motoci na sauke mutane daga Filato da kudancin Kaduna da Adamawa, kowa ya zo neman aikin gini ko gadi ko tuƙi, kuma duk wanda cikin gari ya fi ƙarfinsa Jikwoyi yake gangarowa. Rumfa ta zama gini, gini ya sami tayil da fanka. Wani mutum da ya taɓa zama a layinmu kafin kwangila ta ɗauke shi zuwa Maitama ya aiko mana da kibod na kiɗa da manyan lasifikoki biyu. Bayan kibod da 'yan makonni sai ga sabon malamin kwaya, wato ƙungiyar mawaƙan majami'a.

Kafin zuwansa, dokar kwaya ɗaya ce: ka zo koyon waƙa, a ba ka riga. Da haka na shiga ina 'yar shekara goma sha huɗu, na yi wata da watanni ina jijjiga kwanon rufi babu wanda ya kai ni ƙara. Sabon malamin siriri ne, mai taye ko ana zafin da ke narka kwalta, kuma ya yi karatun kiɗa na gaske. Yana da wani ɗan ƙarfe mai baki biyu da yake bugawa a gwiwa ya kai kunne, kamar mai sauraron gulma. Ranar farko ya ce zai gwada muryar kowa. Ya danna kibod, ka bi. Ya raba mu gida huɗu, masu sirara a nan, masu kauri a can.

Da aka zo kaina ya danna ya ce, "Bi wannan."

Na bi.

Ya ce, "Ba can ba. Nan."

Na sake bi. Ya danna na sama, na tafi ƙasa. Ya sauko ƙasa ya same ni, kafin ya iso na riga na bar wurin. Ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya dube ni da tausayi irin na likita.

"Ki tsaya a layin baya," in ji shi. "Ki riƙa buɗe baki tare da kowa, amma kada ki bar komai ya fito."

"Malam, waƙa babu murya?"

"Ki yi a zuciyarki. Ubangiji yana jin zuciya."

"To Malam, me zai hana kowa ya yi a zuciya, mu huta da sayen man janareta?"

'Yan kwaya suka yi dariya, shi bai yi ba. Na koma layin baya. Na yi makonni ina buɗe baki ina rufewa kamar tarwaɗar da aka ajiye a roba. Waƙar tana taruwa a ƙirjina, Lahadi bayan Lahadi, har na fara jin rigar kwaya ta matse ni. Ranar Ista aka ɗauko waƙar tashi daga matattu, wadda nake so fiye da kowace. Na riƙe a baiti na farko. Na riƙe a na biyu, ina gumi. A na uku ta fito da kanta, ni ma a lasifika na ji ta. Ƙadangaru biyu suka faɗo daga silin. Jariran da ke barci a bayan uwayensu suka farka gaba ɗaya suka shiga tayani. Yaron da ke buga kibod ya ɗaga hannuwansa sama don kowa ya shaida ba shi ba ne.

Bayan sujada Malam ya ce in ninke rigar in ba sakatariya. Na ninke ta da kyau, don kada a ce ko ninki ban iya ba.

A gida Mama ta ce in yi haƙuri, aikin Ubangiji yana da yawa, akwai shara, akwai jera kujeru, akwai goge tagogi. Baba ya ce shi tun da daɗewa ya san za a rina. Kaka kuwa ta bari sai da kowa ya watse.

Kaka mahaifiyar Baba ce, Bagwariya, manomiya. Gonar da ta gada yanzu gidajen haya ne, amma ba ta daina noma ba. Duk filin da mai shi ya zagaye da bulo ya tafi neman kuɗin gini, kafin ya dawo Kaka ta cika shi da kunyar doya. Hausarta ba ta raba mace da namiji, kowa "kai" ne a wurinta, har matar fasto. Ita ce kuma mai buga tulu a zumuntar mata, wato ƙungiyar matan aure ta majami'a. Babban tulu ne na yumɓu, tana dukan bakinsa da guntun katifa da aka ɗinke cikin tsumma, yana fitar da wata murya mai zurfi da ake ji a ciki kafin a ji a kunne.

Ta ce, "Kai, zo nan. Wane ne ya ce ka yi shiru?"

Na ce, "Malamin kwaya, Kaka. Ya ce muryata tana ɓata waƙa."

"Waƙan na babansa ne?"

Ta ci gaba da ɓare gyaɗa. Can ta ce, "Ni ban taɓa riƙe fensir ba. Amma tambaye ni labarin mutumin da ya sassaƙa jirgi, ko yaron da ya gudu ya ci abinci da aladu, ko matan da suka je kabari da sassafe. Duk a waƙa na ji. Fasto ya yi wa'azi, kafin in kai gida rabi ya zube a hanya. Waƙa kuwa yana bina har gona. Idan aka rufe bakin mutum kamar ni, an kwashe masa Littafin gaba ɗaya."

Maganar ta zauna mini. Na ɗauko Littafi Mai Tsarki na Mama na shiga farauta, ina neman wurin da aka ce sai mai zaƙin murya zai yi yabo. Ban taɓa karatu irin wannan ba, ko don jarrabawa. Na ga bayin da suka ƙetare teku sun tsaya a gaɓa sun yi waƙa, mutanen da suka tsufa suna buga tubali, kuma ban ga inda aka jera su aka gwada su da kibod ba. Na ga mutum biyu da aka yi wa bulala aka jefa kurkuku suna rera yabo, kuma duk wanda aka taɓa zane shi da dorina ya san irin muryar da ke fitowa bayan haka. Na ga Yesu da almajiransa sun yi waƙa bayan jibin ƙarshe, abincin daren da suka ci na bankwana, masunta da mai karɓar haraji, ko ɗaya ba a ce mawaƙi ne ba. A Zabura kuwa har duwatsu da itatuwa da dabbobin jeji aka gayyata. Na ce idan akwai wurin jaki a wannan gayya, nawa ba zai gagara ba.

Na kwashi hujjojina na sami Malam bayan koyon waƙa. Ya saurare ni har ƙarshe, wannan zan ba shi. Sannan ya buɗe nasa Littafin ya nuna mini inda aka zaɓi mawaƙan Haikali, aka horar da su a ƙarƙashin shugabanninsu, ya kuma nuna mini inda Zabura ta ce a yi kiɗa da gwaninta. Ashe shi ma yana karatu.

Ya ce, "Za ki kawo wa Ubangiji baikon doyar da ta ruɓe?"

Na ce, "Malam, idan ita kaɗai gonata ta ba ni fa?"

Ya juya ɗan ƙarfensa a hannu. Ya ce, "Ki kai. Amma ba ta hannuna ba."

To, shi ya ce in kai. Hanya ce kawai ta rage.

Makarantar Lahadi na girme ta, yaran ma tsorona suke ji. Ƙungiyar matasa ba sa waƙa sai da gita, kuma masu gitar duk 'yan kwaya ne. Saura zumuntar mata, inda ba a gwada muryar kowa. A can akwai masu muryar gwangwani, akwai wadda haƙoranta uku suka rage, kuma idan suka tashi waƙa ƙasa ce ke amsawa. Matsala ɗaya: a majami'armu ba a shiga zumunta sai da aure. Bayan biki matan ne suke zuwa gidan amarya, su ɗaura mata zanen zumunta da ɗankwalinsa, su rako ta majami'a da guɗa. Ba a sayar da zanen a kasuwa, ba a ara.

Amma na san wata al'ada tasu ta biyu, domin na girma a gindin tulun Kaka. Idan zumunta ta ɗaga waƙa, ba a kashe ta a tsakiya. An taɓa yin iska ta yaye rabin kwanon rufi suna cikin waƙa, suka ƙarasa ruwa na dukansu. Uwar zumunta, wato shugabarsu, ita ke ba da waƙa sauran su amsa, amma ba ita ke rufewa ba. Tulu ke rufewa. Sai mai tulu ta yi wani bugu na musamman kowa ya san an kai ƙarshe. Kafin wannan bugun, ko ɓarawo ne ya shiga layi, sai dai a yi rawa da shi.

Ana saura kwanaki a yi godiyar girbi, Mama ta tafi ƙauye wurin ƙanwarta da ta haihu. Zanenta na zumunta yana ƙasan akwati, a ninke, yana ƙanshin kafur. Ban gaya wa kowa ba, har Kaka.

Ranar godiya na ce cikina yana ciwo, su yi gaba. Suna fita na ɗaura zanen. Ya zagaye ni sau biyu da rabi, saboda haka na naɗa tawul a ƙugu don in yi kama da wadda ta san ɗakin haihuwa. Na ja ɗankwali har gira. Na ɗauki manyan doya biyu daga na Kaka, na saɓa a kafaɗa yadda matan Gwari suke ɗaukar kaya, ta yadda za su rufe mini rabin fuska. Alhaji ya gan ni na wuce ya ce, "Sannu Maman yara," da ladabinsa. A nan na san aiki ya yi kyau.

A ranar girbi matan zumunta ta ƙofar baya suke shigowa, layi biyu, suna rawa a hankali da amfanin gona, masu tulu da kacau-kacau suna zaune a gaba suna jiransu. Na laɓe a bayan tankin ruwa har na ji tulun Kaka ya yi magana, uwar zumunta ta ɗaga waƙa, layi ya fara motsi. Sai na manne a wutsiya.

Na yi niyyar farawa a hankali. Sai dai maƙogwarona ba shi da giya ta ɗaya irin ta mota. Amshin farko da na yi, matar da ke gabana ta yi tsalle kamar an yi mata hon. Ta waigo, ƙafafunta ba su daina rawa ba.

"Amaryar wa ce wannan?" ta tambayi ta kusa da ita ta gefen baki.

"Amarya ina? Jikar mai tulu ce."

Ta gaban nawa ta sake waigowa ta ce, "Ke, fita."

Na amsa mata da amshin waƙar. Ita ma dole ta amsa, don lokacin amshi ya zo. Haka muka tafi, tana harara tana yabo, ina yabo ina gyara tawul, har gaban bagade. Muka sauke kaya, muka yi rabin da'ira muna fuskantar jama'a. Yanzu babu doyar da zan ɓuya a bayanta. 'Yan kwaya suna zaune a dama cikin rigunansu, na ga labarin yana tafiya daga baki zuwa kunne har ya kai wurin Malam. Ya rufe ido kamar mai addu'a. A ɓangaren maza na hango Baba yana neman wani abu a ƙarƙashin benci, kuma bai same shi ba har aka gama.

Uwar zumunta ta kai baiti na ƙarshe, ta dubi Kaka don a rufe. Kaka ta dubi fanka.

Uwar zumunta ta maimaita baitin, ta sake duban Kaka, wannan karon da ido biyu a waje. Kaka ta ƙara wa tulu wuta. Masu kacau-kacau ba su da zaɓi, suka bi ta. Baituka suka ƙare, uwar zumunta ta shiga ƙirƙiro sababbi nan take, don gwana ce ta gaske. Ta gode wa Ubangiji saboda doya, saboda masara, saboda gyaɗa, ta gangaro kan barkono da kuɓewa, daga baya ta fara roƙonsa ya sa tausayi a zuciyar tsofaffi masu taurin kai. Mu kuwa muna amsawa. Masu sujadar Turanci, wadda ke biye da tamu, suka iso suka cika tagogi da turarensu da makullan motocinsu. Baba Fasto ya duba agogo har agogon ya ji kunya. Ina da yaƙinin doyar da muka kawo ta fara tsiro.

A tsakiyar wannan abin dariya wani abu ya same ni da ban shirya masa ba. Na daina jin tawul, na daina ganin Malam. Amshin gajere ne, godiya ce ga wanda ya aiko da ruwa a kan gonar mai kirki da ta mugu. Na faɗe shi sau da yawa har ya daina zama kalmomi ya zama kamar numfashi. Muryata tana cikin na matan nan, masu gwangwani da masu zuma, ba wadda ta ture wata. Wata tsohuwa a cikin jama'a ta rangaɗa guɗa. Na ji hawaye a kumatuna, na bar shi, don hannuwana suna riƙe da zane.

Sai da hannun Kaka ya gaji don kansa ta yi bugun rufewa.

Bayan sujada aka kira mu ofishin fasto: ni, Baba, Kaka, uwar zumunta, da dattawan ikilisiya a jere kamar alƙalai. Baba Fasto mutum ne mai sanyin magana. Ya dube ni daga ɗankwali zuwa silifa.

"'Yata, wane ne mijinki?"

"Ban samu ba tukuna, Baba Fasto."

"To me ya kai ki layin matan aure?"

"Kwaya ta ce sai da murya. Zumunta ta ce sai da miji. Makarantar Lahadi ta ce na yi girma. Ni kuma waƙar tana nan, ba ta san duk wannan ba. Ina zan kai ta?"

Wani dattijo ya yi tari don ya ɓoye dariya. Uwar zumunta ba ta yi dariya ba. Ta ce wannan zanen ba kayan wasa ba ne. Da shi suke zuwa gaisuwar mutuwa, da shi suke kwana a asibiti da 'yar'uwarsu, kuma ranar da mace ta rasu shi ake shimfiɗawa a kan akwatinta. Na ce mata, "Mama, zanen zan wanke in mayar, kuma ba zan sake taɓa shi ba sai ranar da kuka ɗaura mini da hannunku."

Aka juya kan Kaka, me ya sa ba ta rufe waƙa ba.

Ta ce, "Hannuna ya manta."

Aka ƙyale ta, don ta girmi ginin da duk wanda ke cikinsa. Sai aka dawo kaina. Babban dattijo ya ce magana mai sauƙi ce: Lahadi mai zuwa in tsaya gaban jama'a in ce na yi nadamar abin da na yi, shi ke nan.

Na ce, "Baba, na zanen zan faɗa. Na waƙar ba zan iya ba, don ƙarya ce, kuma a majami'a."

Baba ya taka mini ƙafa. Ban janye ba. Suka yi ƙus-ƙus a tsakaninsu, aka yanke mini horo: bencin baya, sai na sauko.

Wanda bai san majami'u irin tamu ba, bencin baya shi ne inda ake zaunar da wanda ya yi laifin da kowa ya sani. Yana bakin ƙofa, ba shi da majingini, fanka ba ta kaiwa can. Duk mai shigowa sai ya gan ka, duk mai fita sai ya sake ganinka. Ba a taɓa sa 'yar shekaruna a can ba sai wadda ta yi ciki.

Na ce, "Baba Fasto, don kada in sake yin kuskure, me da me aka hana wanda ke bencin baya?"

Ya ce ba ya cin jibin Ubangiji, wato gurasar da ake raba wa masu bi, ba ya shiga ƙungiya, ba ya tsayawa a gaba ya yi karatu ko addu'a.

"Waƙar da dukan jama'a ke yi fa?"

Dattawa suka dubi juna. Baba Fasto ya daɗe yana shafa haɓa. Ya ce, "Ba a taɓa hana kowa ba. Su ne dai ba sa yi."

Hanyar gida ba ta yi daɗi ba. Baba bai ce mini uffan ba, ranar da washegari da wadda ta biyo. Mutumin da ba ya iya cin tuwo sai ya tsokane ni, ya koma wucewa ta gefena kamar turmi. Da Mama ta dawo ta ji, ta zauna a bakin gado ta yi kuka, ta ce yanzu duk wanda ya gan ni a can zai ƙirga watanni yana kallon cikina. Wannan ya yi mini zafi fiye da yadda na nuna. Ta ce kalma ɗaya ce fa, in faɗa a huta. Na ce, "Mama, idan na ce na yi nadamar yabo, wa na faɗa wa?" Ta jefe ni da filo.

Lahadi na yi wanka na sa rigata mafi kyau na tafi bencina. Na tarar da mutum biyu. Akwai wani direba mai furfura da ke tuƙa wani oga a Maitama, burkutu ce ta kawo shi. Akwai wata tela, siririya, da ta haihu babu aure, tana rungume da jaririnta kamar za a ƙwace. Su biyun sai an fara sujada suke shigowa, kai a ƙasa, kafin a sa albarka sun ɓace.

Aka sanar da waƙar farko, jama'a suka miƙe. Na miƙe. Su biyun suna zaune.

Direban ya ja gefen rigata. "'Yata, a nan ba a yi."

"Wa ya ce, Baba?"

"Haka muka tarar."

"To matsa kaɗan, zan buƙaci wuri."

Na buɗe. Daga baya murya ta fi tafiya, ban san haka ba sai ranar. Ta bi ta kan kawunan mutane ta doki bagade ta dawo. Rabin majami'a suka waigo. Mai tsaron ƙofa ya taho da sauri, ya tsaya a kaina, ya buɗe baki, ya tuna ba shi da doka, ya koma ya gyara labule. Daga can gaba Malam ya ɗaga hannu ya sa kwaya ta ƙara ƙarfi. Ni ma na ƙara. Ban taɓa jin majami'armu ta yi waƙa da ƙarfi irin na wannan rana ba, kowa yana ƙoƙarin ya binne ni.

Haka muka yi ta yi. Wata Lahadi, muna cikin waƙar baiko, na ji wani siririn zare yana bin gefen muryata. Na ɗauka sauro ne. Na rage kaɗan don in saurara, sai zaren ya tsinke. Telar ce. Tana zaune, bakinta a kan jaririn, kuma muryarta irin wadda Malam zai sayar da tayensa ya samu.

Ta ce a hankali, "Ci gaba mana. Idan kina yi ba mai jin tawa."

Na ce, "Anti, wannan zagi ne ko yabo?"

"Ke dai ci gaba."

Na ci gaba. Bayan wasu makonni ta fara miƙewa tsaye. Direban bai taɓa buɗe baki ya yi waƙa ba, amma yana gurnani a ƙirji kamar tirela a kan tudu, yana buga benci da tafin hannu. Suka daina gudu kafin albarka, don na ce musu waƙar rufewa ta fi kowace daɗi, kuma ni ke zaune a bakin hanya.

Ban sauko ba. Dattawa suka jira, na jira. Daga ƙarshe Baba Fasto ya sanar cewa ikilisiya ta ga na daɗe, an ɗage mini horo, in koma wurin 'yan mata. Baba ya dawo da tsokanarsa a daren, ya ce an sallame ni ne don fentin bangon baya ya fara ɓarewa. Kwaya ba ta neme ni ba, ni ma ban neme ta ba. Malam yana amsa gaisuwata, wani lokaci har da murmushi, irin na mutumin da ya saba da ciwon haƙori.

Lahadin da ta biyo na shiga, na dubi wurin 'yan mata, can ƙarƙashin fanka, kusa da kwaya inda kowa ke rera waƙa a hankali don kada a ji kuskurensa. Na juya na zauna a inda na saba. Mama ta yi mini alama da ido, ta yi da hannu, ta aiko ƙanena. Na ce ya gaya mata akwai aiki a nan.

Har yau a can nake zama. An ɗage wa telar nata horon, amma takan dawo idan jaririn ya dame ta, ko ta ce ya dame ta. Direban yana fita yana dawowa, gwargwadon yadda shi da burkutu suka kwana. A makon jiya aka kawo mana sabo, wani saurayi mai gyaran waya da ya yi dambe a wurin biki. Ya zauna a ƙarshen benci, kansa tsakanin gwiwoyi. Da aka sanar da waƙa na buɗe littafin waƙa na miƙa masa.

Ya girgiza kai bai ɗago ba. Ya ce, "Ni ba ni da murya."

Direban ya yi dariyar da ta koma tari.

Na ce, "Tashi, an fara."